Ranar da Tsakar Rana Ta Yi Sammako a Amarapura

A unguwarmu ta bayan ganuwar fada babu wanda bai san U Tha Zan ba. Gajere ne, mai ɗan doro, kullum kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Ba kunya ce ta sunkuyar da shi ba, aiki ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a saman hasumiyar tambari yana kallon tasa tana nutsewa.

Tasar ta tagulla ce, ba ta fi ƙoƙon shan ruwa ba, da ɗan huji a gindinta. Da gari ya waye sai ya aza ta a kan ruwan randa. Ruwa ya riƙa shiga sannu-sannu har ta cika ta yi ƙasa. Da ta nutse sai ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, ya tsamo ta, ya sake azawa. In ta nutse sau takwas ya ɗaga hannu, makaɗi, mai suna Ko Pyu, ya doki tambari. A watannin damina, nutsewa ta goma sha shida ita ce tsakar rana. Da wannan tambarin ake buɗe ƙofa, da shi waziri ke zama, da shi matan sarki ke sauya ado.

Gado ya yi. Kakansa ya kalli tasar nan, ubansa ya kalle ta har idonsa ya mutu, sannan aka hau da shi yana ɗan shekara goma sha tara, tun ana ce masa Maung Tha Zan irin kiran samari. Uban bai bar masa wasiyya mai tsawo ba. Ya ce masa kawai, “Tasa ake bi, ba mutum ba. Ko cikinka ya ce rana ta yi, in tasa ba ta ce ba, ba ta yi ba.” Tare da tasar aka ba shi gonar shinkafa a Kyaukse, irin wadda sarki ke ba bayinsa. Wasu ke nomawa su aiko da amfani a jirgin ruwa. Muddin tasa na hannunsa gonar tasa ce. Ranar da aka karɓe tasa, ranar gona za ta bi ta.

Da wannan gonar ya auri Ma Gyan, mai sayar da daddawar kifi a kasuwar bakin tafki, da ita suka aurar da 'ya'yansu mata biyu. Ma Gyan doguwa ce, muryarta kan riga ta shiga gida. Kuma ba ta ga abin da ba a wankewa ba. Tukwanenta har gindinsu sai ka ga fuskarka. Kyanwar maƙwabta ma ta daina ratsa gidan tun da aka taɓa kama ta aka yi mata wanka.

Abu ɗaya ne ya gagare ta a gidan, shi ne tasar sarki. Mai gadin dare yana da tasa tasar, saboda haka kowace yamma U Tha Zan kan naɗe tasa a ƙyalle ya zo da ita gida, ya ɗora a kan kanta, ƙasa kaɗan da wurin da ake ajiye wa Buddha furanni. Tasar nan kuwa ta yi tsatsa mai launin tsanwa ciki da waje, har ba ka cewa tagulla ce.

“Ko Tha Zan,” ta kan ce, don da haka take kiransa, “wai sarki bai da tsamiya ne? In babu ka gaya mini in aika masa.”

“Bar ta.”

“Kare ma ba zai sha ruwa a cikinta ba.”

“Ai ba don kare aka yi ta ba. Bar ta, Ma Gyan.”

Dalili kuwa bai taɓa ba ta ba, don shi ma bai san dalilin ba. Ya dai tarar ba a wankewa.

Shekara ashirin da takwas tana haƙuri. Sai ga shekarar da uwar sarki ta shirya ciyar da sufayen Buddha ɗari uku a farkon damina. Aka yi shela cewa duk abin da ke cikin fada sai ya yi ƙyalli, daga tulluwar soro har kaskon tofa miyau. Ma Gyan ta ji a kasuwa wai masu duba tsabta har hasumiya za su hau. Ta dawo gida tana zancen zuci: a hau a tarar da wannan ƙazantar, a ce matar wa? Da yamma mijin ya ajiye tasa ya tafi tafki wanka. Ta jiƙa tsamiya, ta kwaso toka, ta zauna. Kafin ya dawo ta naɗe ta yadda ya bari, ta mayar kan kanta, tana ta waƙa a ƙasan maƙoshi.

Washegari gari ya waye da hadari, irin wanda ke rufe sama ruf ba ya zubowa. U Tha Zan ya hau hasumiya ya kwance ƙyalle. Sai ya ja da baya.

Ko Pyu ya leƙo. “Kai! Tsoho, ƙarin girma aka yi maka ba mu ji ba? Tasar zinariya?”

“Aikin Ma Gyan ne.”

“Ai kuwa ka yi sa'a ba kai ta kama ba. Da yau ba mu gane ka ba.”

U Tha Zan ya juya tasar ya duba. Tasarsa ce, ga lotsawar da ta yi tun zamanin kakansa. Gaskiya ta yi kyau. Ya aza ta a ruwa, ya jefa ƙullin kun a baki, ganyen nan mai goro da farar ƙasa a ciki da kowa ke taunawa. Shi dai tun yana saurayi ƙulli ɗaya ke kai shi nutsewa ɗaya. Yana tofar da na ƙarshe, tasa na yin ƙasa.

Ran nan goron bai gama narkewa ba ya ji ƙululu. Tasa ta tafi.

Ya kaɗa ƙararrawa, ya ce a ransa goron ne ya yi tauri. A nutsewa ta biyu ya ce haƙora ne suka tsufa. A ta biyar gumi ya fara karyo masa. Ya leƙa farfajiya inda aka kafa sandar inuwa, sanda na tsaye, inuwa babu ko ɗigo. Bakinsa na ce masa da saura, tasa na cewa ya yi. Ya tuna ubansa. Ya bi tasa.

A can babban zauren baƙi, sufaye ɗari uku sun zauna sahu-sahu cikin mayafansu. Sayado, tsohon sufin da ya karantar da sarki tun yana yaro, ya yi wa'azinsa, wanda kowa ya san tsawonsa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Sannan aka shigo da abinci. Kwana uku ana dafa shi: kifin kogi da aka bari a wuta har ƙashinsa ya yi laushi, agwagwa, shinkafa da madarar kwakwa, mangwaro iri bakwai. Uwar sarki da kanta ta durƙusa ta miƙa wa Sayado akushinsa da hannu biyu.

Sufaye suka sa hannu. Loma ɗaya, loma biyu.

Sai tambari ya ce dum.

Sufi ba ya cin komai bayan tsakar rana sai wayewar wani garin, wannan ko yaron goye ya sani. Hannu ɗari uku suka tsaya. Wani da lomarsa ta kai leɓe ya mayar da ita a hankali, yana kallonta kamar ɗan'uwan da zai yi tafiya. Aka kawo ruwa suka wanke hannu, suka yi godiya, suka fita a jere. Uwar sarki ta bi akussan da kallo, sannan ta tambaya, cikin murya mai sanyi ƙwarai, wane ne a saman hasumiya.

Mutum ɗaya ce ta riga kowa sanin an yi ɓarna, ita ce Ma Gyan. Tun da aka kawo ta gidan take ɗora tukunyar shinkafa da ƙararrawa ɗaya ta sauke da ta gaba, ba ta taɓa buɗewa ta duba ba. Ran nan ta sauke ta tarar da shinkafa tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta dubi baƙin da tsatsa ta bari a ƙarƙashin farcenta.

Kafin la'asar an gurfanar da U Tha Zan gaban waziri. Ya kwanta rub da ciki, gwiwar hannu a ƙasa, tafin ƙafa a ɓoye. Aka ajiye tasar a gabansa tana ta walƙiya. Sayado ma yana nan zaune a kan tabarma mafi tudu, da mafici a hannu.

“Kai ne Tha Zan?” in ji waziri.

“Bawanka ne, ranka ya daɗe.”

“Yau da wa ka yi shawara ka aiko mana da tsakar rana da hantsi?”

“Da tasa, ranka ya daɗe.”

Wani maƙerin fada ya ɗauki tasar ya ɗaga ta sama, ya leƙa hujin. Ya yi bayani cewa ruwan shekara ɗari ya cinye bakin hujin ya faɗaɗa shi, tsatsa kuma ta bi ta cike gurbin. Ashe tun zamanin kakanni tsatsar ce ke riƙe wa fada lokaci.

“To wa ya wanke ta?” waziri ya tambaya.

“Bawanka ne.”

“Kai da hannunka?”

“Da hannuna, ranka ya daɗe.”

Waziri ya dubi hannun, fari tas, ya yi laushi saboda shiga ruwa. Daga can ƙofar waje kuma ana jiyo wata murya tana gaya wa masu gadi cewa su matsa ko ta matsar da su. Waziri ya shafa gemunsa mai gashi huɗu.

“Ka gaya wa bawan nan nawa,” ya ce, “in ka koma gida, ta daina wanke kayan sarki.”

Sannan ya yanke hukunci irin wanda aka saba: a shanya U Tha Zan a rana tsakar rana uku, a karɓe tasa, a karɓe gona. Magatakarda ya rubuta, ya ɗan yi tari, ya dubi sama ta taga.

“Ranka ya daɗe, ranar ce babu.”

“To a jira ta.”

Sayado ya ajiye mafici. “Ni dai loma uku na yi,” ya ce, “ta ukun ma ƙashi ce. Saboda haka ina ganin ina da bakin magana. Tun da rana za a jira, a bari ta zo a matsayin shaida mana, kafin ta zama bulala. Ku ba shi tasarsa ya gyara. Ranar da gari ya washe ya hau ya ƙirga. In tambari ya faɗa tare da inuwa, ku bar masa abinsa. In ya saɓa, ga ranar nan a sama, ba sai an aika kiranta ba.”

Waziri bai iya musa wa malamin sarki ba, musamman malamin da ke jin yunwa. Aka ce kafin nan mai gadin dare ya riƙe hasumiya da tasa tasar.

A bakin ƙofa Ma Gyan ta tare shi. Suka jera har suka wuce kasuwa. Sai da suka kusa gida ta ce, “Me ya sa ka ce kai ne?”

“In na ce ke ce, ai duka biyu za a shanya mu. Wa zai kawo mini ruwa?”

“Tsohon banza,” ta ce, tana share ido da gefen zane.

Gyaran ba wuya a faɗe. A samu kakin zuma a toshe hujin, a sake huda shi da gashin wutsiyar giwa, a riƙa faɗaɗawa kaɗan-kaɗan har ya yi daidai. Amma daidai da me? Rana ba ta nan. Kwana nawa za ta yi ba ta nan, ba wanda ya sani.

Ko Pyu ya zo da safe ya tarar da shi tsugune gaban randar wanka. “Wannan ai mai sauƙi ne,” ya ce. “Ga ƙararrawar mai gadin dare nan kana ji daga nan. Ka daidaita da ita ka huta.”

Aka yi haka. Kafin rana ta yi nisa tasa ta fara nutsewa tare da ƙararrawa cif. U Tha Zan ya miƙe zai yi ajiyar zuciya, sai ga Ma Gyan ta fito daga madafa da tukunya tana hayaƙi.

“Ƙararrawar nan ƙarya take yi.”

“Haba, yaya,” in ji Ko Pyu. “Shekaranjiya kin gyara tasar sarki, yau kuma ƙararrawar sarki?”

“Rufe mini baki, mai dukan fatar saniya. Na ɗora da ƙararrawa na sauke da ƙararrawa. Shaƙa ka ji.”

Shinkafa ta kama, ƙanzo ya yi baƙi. Jiya ɗanya, yau ƙonanna.

U Tha Zan ya koma ya tsuguna. Tasar dare dai ba ta taɓa haɗuwa da inuwa ba, don ba a gwada inuwa da dare, kuma in ta yi nawa ba mai tashi ya kai ƙara. Amma ita ce ke saman hasumiya yanzu, ita ce muryar sarki. A ɗaya gefen kuwa tukunyar ƙasa ce mai tsagaggen baki, a hannun matar da ta jefa shi cikin wannan hali. Ya jefa kun a baki ya jira ƙararrawa. Ya tauna har ya tofar, ya zauna baki wayam, can da daɗewa sannan ta kaɗa.

“Ɗora wata tukunyar,” ya ce.

“Tsoho, ka yi hankali,” in ji Ko Pyu. “Gonarka ce fa za ka aza a kan murhu.”

“Shekara ashirin da takwas ina cin shinkafar nan, ba ta taɓa kamawa ba. Ɗora, Ma Gyan. Mudu ɗaya, itace iri ɗaya, wuta yadda kika saba.”

“Ni za ka koya wa wuta?”

Haka suka shiga. Ta ɗora ta ce “Aza!” ya aza tasa. Ta shaƙi tururi ta ce “Ta yi!” ya dubi tasa, ko ta riga ko ta makara. Ya tsamo, ya taɓa kakin da gashin giwa, a sake. Kowane gwaji tukunya guda. Ranar farko tukunya tara. Rana ta biyu goma sha ɗaya. Ma Gyan ba ta zubar da abinci, saboda haka unguwa ta shiga uku. Aka kai wa maƙwabta, aka kai wa maƙwabtan maƙwabta. Sufayen da ke zagayen karɓar sadaka da safe suka riƙa barin layinmu da akussa har wuya, wasunsu daga cikin ɗari ukun nan ne, kuma ba wanda ya ce a rage. Ko Pyu, da ya zo hana aikin, ya ci har ya sassauta ɗaurin zanensa sau biyu. Rana ta huɗu mutane suka fara rufe ƙofa in sun hango Ma Gyan da faranti.

A yammacin ran nan tasa da tukunya suka faɗa tare sau uku a jere. Rumbu kuma ya nuna gindinsa.

Rana ta biyar gari ya waye tangararau. U Tha Zan ya hau hasumiya da tasarsa, ya aza, ya fara ƙirga. Da hantsi ya yi farfajiya ta cika. Waziri ya zo ƙarƙashin laimarsa ya tsaya kusa da sanda. A gefe guda an riga an kafa turaku huɗu da igiya, don kada a ɓata lokaci in ta ɓaci. Ma Gyan na can bakin ƙofa ta saƙala kai tsakanin masu gadi biyu.

Daga sama U Tha Zan ba ya ganin layin tsakar rana da aka tsaga a dutse a gindin sanda. Kawunan mutane kawai yake gani suna matsowa. Ya aza ta goma sha shida. Ruwa ya kai rabi. Ya kai wuya. Ko Pyu ya ɗaga gula yana raɗa, “Nutse mana, 'yar gari, nutse.” Tasa ta yi rawa, ta karkace, ta yi ƙululu. U Tha Zan ya ɗaga hannu. Dum.

Waziri ya sunkuya a kan dutse. Magatakarda ya durƙusa ya kai ido har kusan hancinsa ya taɓa ƙasa.

“Ranka ya daɗe, inuwa ta gota layi.”

“Da nawa?”

“Kamar faɗin ƙwayar shinkafa.”

“Dafaffiya ko ɗanya?”

“Ɗanya, ranka ya daɗe.”

Waziri ya miƙe yana dafe da ƙugu. “Ni a shekaruna ba na ganin ɗanyar shinkafa daga tsaye. Ku cire turakun nan, suna tare hanya.”

Bai tsira haka kawai ba. Uwar sarki ta sa ya yi wata guda yana ɗibar wa gidan sufaye ruwa kowace yamma, kuma aka sake shirya walimar, aka fara ta tun da sassafe. Mai gadin dare kuwa aka karɓi tasarsa aka kai wa maƙeri. Amma gona ta zauna.

Ya ƙara shekara tara a hasumiya kafin gwiwa ta hana shi hawa, mijin 'yarsa ta fari ya karɓa. A lokacin ne ya ce yana so ya ga gonar nan, don ashe bai taɓa sa ta a ido ba. Mai kallon tasa ba ya tafiyar kwana biyu. Suka hau jirgi shi da Ma Gyan har Kyaukse. Manomi ya kai su bakin kunya ya nuna musu, daga itacen giginya zuwa magudanar ruwa.

U Tha Zan ya daɗe yana kallo. “Ke nan?” ya ce. “Na zaci ta fi haka.”

“Ta ciyar da kai shekara arba'in, ka zo kana raina ta,” in ji Ma Gyan. “Tuɓe takalminka ka shiga ka gaishe ta.”

Ya tuɓe ya shiga. Laka ta kama shi har ƙwauri, sai da ita da manomin suka haɗu suka ciro shi.